Surukai Biyu na Ƙasar Nowe da Lissafin Gamuwar Sinadarai

Tun zamanin dā mutane sun san cewa in an gama abu biyu, kamar ruwan toka da mai, sukan juya su zama abu na uku, watau sabulu. Abin da ba a sani ba shi ne dalilin da ya sa wani haɗi ke juyawa nan da nan, wani kuwa sai ya yini.

A birnin Kiristiyaniya na ƙasar Nowe, wanda yanzu ake kira Oslo, an yi waɗansu malamai biyu, surukan juna. Ɗaya sunansa Cato Guldberg, masanin lissafi, an haife shi cikin 1836. Ɗayan kuwa Peter Waage, masanin sinadarai, ya girme shi da shekara uku. Wannan yana auna ruwa cikin kwalabe, wancan yana juya abin da aka auna ya zama lissafi. Cikin 1864 suka bayyana abin da suka gano.

Ga yadda maganar take. Kowane sinadari ƙwayoyi ne ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kuma ba sa juyawa sai ƙwayar wannan ta gamu da ƙwayar wancan. A ɗauki misalin kasuwa. In masu sayarwa 10 ne, masu saye 10, hanyoyin da za su gamu 100 ne. In masu saye suka zama 20, hanyoyin sun zama 200. In kowane gefe ya zama 20, ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, watau 400. Haka sinadarai biyu suke cikin kwalba guda: saurin juyawarsu yana bin yawan wannan sau yawan wancan. Shi ne masana ke kira haɗi mai daraja ta biyu. Irin wannan haɗi yakan fara da zafi, sa'an nan ya yi ta sanyi. In sinadaran biyu daidai suke da yawa, kuma rabinsu ya ƙare cikin minti 10, rabin abin da ya rage sai ya ci minti 20, domin ƙwayoyin sun yi ƙaranci, gamuwa ta yi wuya.

Amma fa da harshen Nowe suka rubuta, masanan Turai kuwa ba su jin sa. Magana ta kwanta kamar ba a yi ta ba. Cikin 1867 suka sake bugawa da Faransanci, har wa yau ba a kula sosai ba. Ana nan, cikin 1877, wani saurayi ɗan ƙasar Holan, van 't Hoff, ya gano ka'idar da kansa, bai san an riga shi ba. Sai surukan nan suka buga aikinsu da Jamusanci cikin 1879, shekara 15 bayan na farko, sa'an nan aka sallama musu. Van 't Hoff shi ya rarraba haɗe-haɗe bisa yawan ƙwayoyin da ke gamuwa, cikin littafinsa na 1884, ya kuma sami kyautar Nobel ta farko a fannin sinadarai cikin 1901. Waage ya rasu cikin 1900, Guldberg kuwa cikin 1902.

Daga baya aka gane ba kowane haɗi ke bin wannan lissafi kai tsaye ba, gama waɗansu mataki-mataki suke juyawa, kowane mataki da nasa sauri. Saboda haka darajar kowane haɗi sai an gwada an auna ake saninta.