Cinghao: Ganyen Sin da Ya Haifi Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro

Cinghao tsiro ne mai ɗaci da ƙamshi mai ƙarfi, ganyensa tsaga-tsaga, yana kai tsayin mutum, kuma a shekara ɗaya yake tsira ya mutu. Masana tsirrai suna kiransa Artemisia annua. Dangin tazargade ne da masu maganin gargajiya ke sayarwa a ƙasar Hausa. Daga jikinsa ake fitar da atemisinin, ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau.

Rubutu mafi daɗewa da ya ambace shi an tono shi ne daga wani kabari a Mawangdui a ƙasar Sin, wanda aka rufe shekaru 168 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a can maganin basir aka ce da shi. Sai a ƙarni na 4 wani masanin magani mai suna Ge Hong ya sa shi cikin littafinsa na magungunan gaggawa, don zazzaɓi mai zuwa yana tafiya. Abin da ya umarta kaɗan ne: a ɗebi cikin hannu, a jiƙa a ruwa, a matse, a shanye. Bai ce a ɗora a wuta ba, alhali yawancin magungunan Sin tafasa su ake yi.

Yaƙin Biyetnam ne ya farfaɗo da batun. Zazzaɓi yana ta kwantar da sojoji, kulorokwin ya daina ji, sai gwamnatin Sin ta buɗe wani shirin bincike na sirri don neman sabon magani ranar 23 ga Mayu, 1967. A 1969 aka ɗora Tu Youyou, 'yar garin Ningbo, a kan wata tawaga a Beijin. Suka tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000. Cinghao yana cikinsu, amma yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Da ta koma kan umarnin Ge Hong sai ta yi zargin cewa zafi ne ke lalata sinadarin, ta koma tatsar ganyen da wani ruwan sinadari da ake kira ether, mai tafasa da ɗan ɗumi kawai. A Oktoban 1971, samfuri na 191 ya kashe ƙwayoyin cutar kakaf a jikin ɓeraye. Kafin a ba majiyyata a tsibirin Hainan a 1972, ita da abokan aikinta suka fara shan maganin da kansu, jarumtar da ta cancanci a riƙa tunawa. Lambar Nobel ba ta iso gare ta ba sai 2015.

Atemisinin yana haɗuwa da sinadarin ƙarfe da ƙwayar cutar ke saki yayin da take cin jini, sai ya rikiɗe ya zama guba a gare ta. Yana kisa da sauri, amma ba ya daɗewa a jiki, shi ya sa ake haɗa shi da wani magani mai jimawa, irin lumefantirin. Wannan haɗin Najeriya ta mayar maganin farko a 2005.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dogara da shayin ganyen ba, kuma hujjarta mai ƙarfi ce: ƙarfinsa ya bambanta daga gona zuwa gona, ɗan abin da bai kashe ƙwayar cuta ba kuwa koya mata juriya yake yi. An riga an ga irin wannan juriyar a Kambodiya, sannan a Ruwanda.