Tarihin Otal ɗin Tafkin Bagauda a Taƙaice

Otal ɗin Tafkin Bagauda yana daga cikin ayyukan da aka yi a zamanin mulkin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya riƙe tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Mun kawo tarihinsa a wannan shafi ne domin a wancan lokaci ƙasar Gumel baki ɗaya, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tana cikin Jihar Kano. Haraji da jangalin da iyayenmu suka biya, kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979, suna cikin kuɗin da aka tafiyar da jihar da su. Saboda haka muna da haƙƙin sanin yadda aikin ya kasance.

An gina otal ɗin a kudu da birnin Kano, a yankin Bebeji, kusa da hanyar da ta nufi Tiga. Sunansa ya samo asali ne daga Bagauda, wanda tarihin Kano ya nuna shi ne sarkinta na farko.

Ruwa aka fara tarewa kafin a yi maganar masauki. Gwamnatin Audu Bako ta mai da hankali ga madatsun ruwa domin noman rani da shayar da dabbobi, inda aka yi ta Bagauda, sannan babbar madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Da tafki ya samu, sai aka ga dacewar a kafa wurin hutawa a bakinsa, kamar yadda aka yi otal ɗin Rock Castle a Tiga. Manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da baƙi daga ƙasashen waje sukan je can hutun ƙarshen mako, ana kuma gudanar da tarurrukan gwamnati.

A ganinmu, nisan da ya sa wurin ya yi daɗin hutawa shi ne kuma ya zame masa matsala. Masauki irin wannan yana buƙatar wuta da ruwan famfo da gyara kullum, ko da baƙo ko babu. Da kuɗin man fetur ya ja baya a shekarun 1980, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, gyara ya yi ƙaranci, baƙi kuma suka ragu.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, otal ɗin ya zauna a ɓangaren Kano, tunda a ƙasarta yake. Daga baya aka miƙa harabar ga Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, ta zama reshenta na Kano. Ɗalibin da ya gama digirin shari'a, ko daga Gagarawa yake ko daga Maigatari, idan aka tura shi Bagauda, a harabar tsohon otal ɗin zai yi karatunsa na zama lauya.