MASU BIN ASALI DA LITTAFIN IKILISIYA

Littafin Firistoci sura 25 ya nuna mana cewa a shekara ta hamsin kowane Ba'isra'ile yakan koma wurin danginsa da gādonsa. Yau da mu ma muka cika shekara hamsin, ya kamata mu tambayi kanmu: idan aka ce jikokinmu su nemi danginsu, ta wace hanya za su bi? Domin mu sami amsa, bari mu dubi tarihin waɗansu ƙananan ƙungiyoyi na ƙasar Ingila, waɗanda aikinsu shi ne bin asalin iyali.

Mafarin abin

A shekara ta 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarni kowace ikilisiya ta ajiye littafi. A ciki za a riƙa rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma, da waɗanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Aka ce a sa littafin cikin akwati mai makulli biyu. Da aka ga takarda ba ta jure wa shekaru, a 1598 aka koma rubutu a kan fata. Gwamnati kuwa ba ta soma tata rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai a 1837. Wato kusan shekara 300, galibin talakawan ƙasar littafin ikilisiya ne ya riƙe sunansu.

Yadda ƙungiyoyin suka tashi

Da can bin asali aikin masu sarauta da masu dukiya ne. A 1911 aka kafa ƙungiyar masu binciken asali a Landan. Daga baya talakawa ma suka farka, suka soma kafa nasu gari gari. Ta Birmingham da kewaye an kafa ta a 1963, a 1974 kuma ƙungiyoyin suka haɗu suka yi tarayya guda.

Membobinsu ba manyan masana ba ne. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan da suka yi ritaya, da matan aure. Kowa yakan biya ɗan kuɗin shekara. Sukan taru wata wata su saurari jawabi, su kuma buga 'yar mujalla inda kowa yake sa sunayen zuriyar da yake nema, ko Allah zai sa wani ɗan'uwa na nesa ya gani.

Amma babban aikinsu na haƙuri ne. Sukan zauna su kwafe tsofaffin littattafan ikilisiya suna bayan suna, wani ya rubuta, wani ya sake dubawa don kada kuskure ya shiga. Sukan shiga maƙabarta su share ciyawa, su rubuta abin da ke kan kowane dutse tun ruwan sama bai goge shi ba. Dubban masu aikin sa kai ne suka kwafe ƙidayar jama'a ta 1881. Haka kuma suka tara sunayen waɗanda aka binne: bugun farko na 2001 ya ƙunshi fiye da miliyan 5, na 2010 ya wuce miliyan 18. Da yayyafi kogi kan cika. Ikilisiyar Ingila ma ta yi doka a 1978 cewa littafin da ya kai shekara 100 a kai shi ma'ajiyar da aka keɓe, sai dai in ikilisiyar tana da wurin ajiya mai kyau.

Ina ruwanmu da wannan?

Da ruwanmu. A Jami'ar Birmingham ne aka ajiye tsofaffin takardun mishan na CMS, wanda a ƙarƙashinsa Likita Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, kafin aikin ya koma Wusasa a 1929. Ke nan wani sashe na labarin masu bi na farko a ƙasar Hausa yana can hayin teku, domin waɗansu sun rubuta, waɗansu kuma sun adana.

Namu aikin ya fi nasu gaggawa. Bature yana da sunan zuriya da ba ya sākewa. Mu kuwa mutum yakan ɗauki sunan ubansa ko na garinsu, wani kuma ya sami sabon suna ranar baftisma, har jikoki su kasa gane cewa mutum ɗaya ne. Kakanninmu ba su ƙirga haihuwa da kalanda ba, sai su ce shekarar fāra ko shekarar yunwa. Wanda zai warware mana wannan tsoho ne, tsofaffin kuwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ga gara, ga yoyon ɗaki, ga gobara.

Saboda haka muna roƙon dattawa da magatakarda su binciki inda littafinmu na farko yake, a kwafe shi, a ɗauki hotonsa, a ajiye wuri biyu. Matasa su zauna da iyayenmu na zumuntar mata, gama su suka fi sanin wa ya haifi wa. Kowane gida kuma ya rubuta sunayen iyaye da kakanni, da na yanka da na baftisma, da garin da suka fito.

Limaman da suka cika littattafan nan a 1538 ba su san wanda zai karanta ba, duk da haka suka rubuta. Mu ma mu rubuta, domin waɗanda za su yi bikin shekara ɗari su same mu. Ubangiji ya taimake mu. Amin.