Daga Albarushin Tanimun Zuwa Kwanson Tagulla: Yadda Harsashi Ya Bar Hannun Maƙera

A Amurka akwai wata na'ura mai mariƙin dannawa da ake kafawa a kan tebur, wadda maharba ke sake cika kwanson harsashin da aka riga aka harba da ita. Kamfanoni irin su RCBS, wanda aka kafa a 1943, sun daɗe suna ƙera ta, kuma masu manyan bindigogi kan yi ta muhawara a kan wacce ce ke da faɗi da ƙarfin da za ta ɗauki harsashi irin .50 BMG, mai kaurin milimita 12.7 da tsawon kusan santimita 14. A ƙauyukan Magarya da Dungas wannan muhawara ba ta da wurin zama, domin maharbin gargajiya har yau ta baki yake ɗura bindigarsa. Mai gaggawar hukunci zai ce ci baya ne. Tarihin Damagaram bai yarda da hakan ba. Abin da ya nuna shi ne, ƙarfin bindiga yana hannun wanda ke iya samar mata abin harbi, kuma wannan iko ya taɓa zama a ƙasar nan kafin masana'anta da dokar Turawa su ɗauke shi.

A ƙarni na 19, kudancin Damagaram fili ne na ƙananan sarautu. Dungas da Waca da Mirya su ne ƙasashen Sosebaki, yankin Magarya kuwa tarihinsa a haɗe yake da na sarakunan Haɓe na Daura da jihadi ya kora, waɗanda suka zauna a Zango da Ɓaure. Duk waɗannan sun koma ƙarƙashin inuwar Zinder, musamman a zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884 bayan mulkin sama da shekara talatin. Tanimun ya kewaye birninsa da ganuwa, ya tara bindigogi dubbai ta hanyar fataken da ke zuwa daga Tarabulus ta Gat da Agadas. Sai dai sayen bindiga ba shi kaɗai ya yi ba. Sarakuna da yawa sun saya. Abin da ya bambanta shi shi ne ya sa ana haɗa albarushi a Zinder, ana kuma zuba igwa da tagulla. Da wannan ƙarfi ya kai yaƙi Gumel da Muniyo, ya daina jin tsoron Kukawa, duk da cewa a suna Damagaram tana bin Borno.

Dalilin da ya sa hakan ta yiwu yana cikin ginin bindigar kanta. Adaka bututun ƙarfe ne da ƙota da ƙanƙarar da ke ba da tartsatsi. Albarushinta gawayi ne da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa. Farar wuta ce aka fi dogara da Sahara wajen samunta, sauran kuwa suna nan gida. Abin da za a harba bai buƙaci awo na daidai-wa-daida ba: dalma ta yi, guntun ƙarfe ya yi. In wani sashe ya karye, maƙerin da ke yin hauya da garma shi zai gyara. Ke nan sarkin da ya mallaki maƙera da gawayi da hanyar fatauci guda ɗaya, ya mallaki kusan dukan abin da rundunarsa ke bukata.

Harsashi mai kwanson ƙarfe ne ya rushe wannan tsari. Daga shekarun 1860 Turawa suka haɗa albarushi da ƙwayar dalma da ɗan abin tayar da wuta cikin kwanso guda, wanda ake sakawa ta gindin bindiga. Faransa ta fito da bindigar Gras a 1874. A 1884 Paul Vieille ya samar da albarushin da ba ya hayaƙi, bayan shekara biyu aka yi bindigar Lebel domin amfani da shi. Kowane ɗaya daga cikin sassan nan aikin masana'anta ne: kwanso sai injin da ke jan tagulla zuwa awon da ba ya kuskure, abin tayar da wuta da sabon albarushi kuwa sai ɗakin haɗa sinadarai. Ita na'urar cika harsashi da Amurkawa ke muhawara a kanta ba ta ƙera ko ɗaya daga ciki. Aikinta ta matse kwanson da zafin harbi ya buɗa ya koma awonsa, sannan ta harhaɗa sassan da aka sayo a kanti. Shi ya sa babban harsashi ke neman babbar na'ura, tunda matse tagulla mai kauri sai da ƙarfi. Ita dai jela ce, masana'anta ce raƙumin, kuma inda babu kantin da ke sayar da sassan a bisa doka, na'urar ba ta da amfani.

Doka ta zo ta ƙarasa abin da fasaha ta fara. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta taƙaita shigar da bindigogin zamani da harsashinsu cikin mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wato da gangan aka tsayar da Baƙar fata a kan tsohon makami. A ƙarshen watan Yuli na 1899, a Tirmini da ke yamma da Zinder, rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta gamu da sojojin Faransa masu bindigogin harsashi, kuma yawan mayaƙa bai hana ta karyewa ba. Bayan yarjeniyoyin 1904 da 1906 sun yanka iyaka tsakanin Magarya da 'yan uwanta na Zango da Ɓaure, bindigar harsashi ta zama ta soja da kwamanda da wanda gwamnati ta ga damar ba lasisi. Manyan harsasai irin .416 Rigby na 1911 da .375 H&H na 1912 an yi su ne a Landan domin giwa da ɓaunan Afirka, amma galibi a hannun baƙi suka yi aiki.

Wani zai ce ai ko ba doka, maƙeranmu ba za su iya ba. Labarin Samori Ture a yammacin Afirka ya raunana wannan magana, domin maƙeransa sun kwaikwayi bindigogin Faransa, sun kuma riƙa sake cika kwanson da aka tsinto daga fagen fama. Basira tana nan. Abin da babu shi ne tagullar inji da sinadarai, kuma da aka toshe masa hanyoyin saye, basirar maƙera ba ta cece shi ba. Wani kuma zai ce ana kambama bindiga ne, tunda doki da ganuwa su ne ke yanke hukunci a yaƙin ƙasar Hausa. Akwai gaskiya a nan: Amadu Kuran Daga ya nufi Kano da bindigoginsa da igwarsa a ƙarshen shekarun 1890, bai kuma ci birnin ba. Adaka tana da jinkirin ɗuri, ba ta da saiti daga nesa, damina kuma tana jiƙa albarushi. Amma wannan ƙara ƙarfafa hujjar yake yi. Muddin kowa na amfani da makamin da ake iya ciyarwa a gida, ba wanda ya fi wani nesa ba kusa ba. Rinjaye mai tsanani ya bayyana ne ranar da abin harbi ya koma hannun ɓangare ɗaya.

Ba a kawo wannan tarihi don kukan rashin na'urar cika harsashi a Magarya ko Dungas ba. Yankin da ke fama da satar shanu da rikicin makiyaya da manoma ba ya bukatar ƙarin harsashi, kuma kafa hukumar tattara haramtattun makamai da Nijar ta yi a 1994 yana da dalilinsa. Darasin na masu tsaro ne. Adakar da ke tashi a hawan salla ko a farautar rani ba ita ce ta addabi kan iyakar Nijar da Najeriya ba. Bindigogin da suka bazu bayan rugujewar Libiya a 2011 kuwa suna iya shekaru suna aiki, amma ba sa iya kwana ɗaya na faɗa ba tare da harsashin masana'anta ba, kuma wannan harsashi ba a ƙera shi a ƙauye. Dole wani ya sayo shi, wani ya ɗauko, wani ya ƙetare iyaka da shi, kuma galibi kwanso yana ɗauke da tambarin inda aka yi shi. Hukumar da ta bi sawun harsashi ta fi wadda ke ƙwace adakar maharbi kusa da bakin zaren matsalar.