Rabin Awa a Mai Wurno

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, na bi ayarin ɗalibai a bas daga Khartum don ziyarar garuruwan tarihi na bakin Shuɗin Nilu. Muka ratsa gonakin audugar Jazira, muka wuce Wad Madani, har Sinnar, babban birnin daular Funj wadda ta kafu a 1504, ta faɗi a 1821. Jagoranmu ya nuna mana kufan birnin da madatsar ruwan da Turawan Ingila suka kammala a 1925.

Ni kuwa hankalina na kan Mai Wurno, kudu da Sinnar kaɗan. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a, suka kafa wannan gari. Kakata ta sha faɗa mana baffanta ya bi su, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Direba ya ba mu rabin awa. A bakin kasuwa na gai da wani dattijo da Hausa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, daga ina?" Na ce Sakkwato, na faɗi sunan baffan kakata. Bai san shi ba, sai ya aiki yaro ya kira wanda ya girme shi. Direba ya dame mu da hon, dole na hau mota kafin tsohon ya iso.