Dokin Ƙarfe a Kan Tudu: Waiwaye Kan Tarihin Tseren Keke

Duk wanda ya tashi a Birchi, ko wani ƙauye na ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, ya san tseren keke tun kafin ya ji sunansa a rediyo. Ranar kasuwa da la'asar, samari sun sayar da kayansu, kariya ta yi sakayau, sai wani ya dubi ɗan'uwansa ya ce, "Mu ga wanda zai riga kaiwa gindin tsamiyar can." Shi ke nan an fara. Babu alƙali, babu kofi, babu ko kwabo. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kowa gwani ne, amma da an iso tudu, a nan ake sanin wanda ya ci tuwo ya ƙoshi. Wani ya miƙe tsaye kan feda yana cije leɓe, wani kaca ta zame masa, wani kuwa ya sauka ya tura yana cewa iskar tayarsa ce ta yi ƙasa.

Wannan wasa da muke ɗauka shiririta yana da tarihi mai tsawo, kuma a cikin tarihin akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu riƙe da alƙalami.

Asalin keke ƙasar Jamus ce, inda wani mai suna Karl von Drais ya ƙera wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu a shekarar 1817. Ba shi da feda, da ƙafa ake tura ƙasa. A shekarun 1860 ne maƙeran birnin Paris suka sa masa feda a ƙafar gaba. Ai kuwa da ma ɗan'adam, in ya sami abin hawa, tambayar farko ita ce na wa ya fi gudu. Ranar 7 ga Nuwamba, 1869, aka yi tsere daga Paris zuwa garin Rouen, tafiyar kilomita 123 a kan hanyoyin karkara masu hawa da gangara. Fiye da mutum 100 suka tashi, talatin da 'yan kai suka isa. Wani Bature ɗan Ingila, James Moore, shi ya yi na ɗaya bayan ya shafe sama da awa goma yana tuƙi. Abin lura a nan shi ne, wata jarida mai suna Le Vélocipède Illustré na cikin waɗanda suka shirya tseren, ita ta yi shelarsa, ita kuma ta adana labarinsa.

Keke irin wanda muka sani, mai ƙafafu daidai wa daida da kaca, John Kemp Starley ne ya fito da shi a garin Coventry a 1885. Bayan shekara uku John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake bugawa iska. Daga nan tsere ya bunƙasa. A wasannin Olamfik na farko a Girka, a 1896, an yi tseren kilomita 87 daga Atina zuwa Marathon a dawo, kuma na 'yan sha'awa ne zalla, wato waɗanda ba sana'arsu ba ce. Ƙwararru masu cin abinci da keke ba a bar su sun shiga tseren Olamfik ba sai a 1996.

Shahararren tseren nan na zagaya ƙasar Faransa ma, jarida ce ta haife shi. Jaridar L'Auto, ƙarƙashin editanta Henri Desgrange, tana neman masu karatu, sai ta shirya tseren a 1903. Mutum 60 suka shiga, 21 suka gama tafiyar kilomita 2,428, Maurice Garin ya lashe. A Italiya ma haka aka yi, jaridar Gazzetta dello Sport ta kafa nasu a 1909. A 1910 kuwa sai 'yan jaridar Faransa suka tura mahaya manyan duwatsun kan iyakarsu da Sifen, ciki har da mashigar Tourmalet mai tsayin mita 2,115. Octave Lapize, wanda ya ci zangon wannan rana, sai da ya sauka ya tura kekensa kamar yadda samarinmu ke yi, har ya kira masu shirya tseren masu kisan kai.

Akwai labarin da ya kamata duk ɗan gidan maƙera ya sani. A 1913, wani mahayi, Eugène Christophe, yana gangarowa daga Tourmalet sai ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karye. Dokar lokacin ta hana kowa taimaka wa mahayi gyara. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka da ƙafa tafiya mai nisa har wani ƙauye, ya shiga maƙera ya yi ɗorin da hannunsa. Amma da yake wani yaro ya yi masa zuga, sai alƙalai suka ci shi tarar mintoci. Bai ci tseren ba. Duk da haka sunansa bai ɓace ba, domin an rubuta abin da ya same shi.

Me ya sa tudu ke raba gardama? A shimfiɗaɗɗiyar hanya babban abokin gābar mahayi iska ce. Wanda ya laɓe a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, shi ya sa mahaya ke tafiya a dunƙule kamar garken tumaki. A tudu kuwa gudu ya ragu, laɓewa ba ta da wani amfani, nauyin mutum da na kekensa ne za su yi magana. Keken tsere na yau, bisa dokar hukumar tseren keke ta duniya, ba ya gaza kilo 6.8, ga giya iri-iri. Namu na kai kaya kasuwa ya ninka wannan nauyi kusan sau uku, giyarsa ɗaya tal. Kada mu manta, su ma mahayan Faransa ba a yarje musu na'urar canza giya ba sai a 1937. Ashe kenan saurayin da ke hawa tudu da tsohon Rale ya fi kusa da Lapize fiye da mahayan zamani.

A ƙasarmu keke ya yaɗu ne a zamanin Turawa, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa da auduga suka shiga hannun jama'a. Ya zama abin hawan malamin makaranta, da malamin gona, da ma'aikacin En'e, da ɗan koli. Daga baya har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano, kana kekunan Sin da Indiya suka cika kasuwa. Katsina kuwa ƙasar doki ce. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, da ɗansa Sarki Usman Nagogo, daga 1944 zuwa 1981, sun ɗaukaka sukuwa da wasan folo har duniya ta sani. Doki ya sami makaɗa, ya sami masu hoto, ya sami marubuta. Dokin ƙarfe, wanda ya kai mara lafiya asibiti, ya kai ɗalibi makaranta, me muka yi masa?

Maƙwabtanmu ba su raina nasu ba. A Burkina Faso an fara tseren zagaya ƙasa a 1987, zamanin Thomas Sankara, kuma shekarunsa na farko na 'yan sha'awa ne. Ruwanda, ƙasar da ake yi wa kirari da mai tudu dubu, ta fara nata a 1988. Da dama daga mahayanta na farko sun taso ne daga ɗaukar fasinja da dakon kaya a keke. Bayan kisan ƙare-dangi na 1994 suka sake ɗaura ɗamara, wani marubuci Tim Lewis ya wallafa littafi a kan labarinsu a 2013, sannan a Satumbar 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar duniya ta tseren keke a kan hanya, karo na farko a Afirka. A 2024 Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a tseren Faransa. A shekarar ce kuma Ese Ukpeseraye ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta yi tseren keke a Olamfik, har ma a wani rukuni sai da 'yan Jamus suka ara mata keke.

'Yan'uwa marubuta, idan muka dubi wannan tarihi za mu ga ƙafa ce ke tuƙa keke, amma alƙalami ne ya mai da tsere tarihi. Mu kuwa lokaci na neman ƙure mana. Babur ya ture keke gefe. Matsalar 'yan bindiga ta sa wasu hanyoyin karkara sun zama abin tsoro, har a 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Kurfi da Dutsin-Ma. Tsofaffin masu gyara da masu ba da haya, waɗanda suka san wa ya fi kowa hawan tudu a zamaninsu, kullum raguwa suke yi.

Saboda haka duk wanda ke neman abin rubutawa, ga shi a ƙofar gidansa. Ya je rumfar mai faci ya zauna, ya tambayi nawa aka sayi keken farko a garin, wa ya saya, wane tudu ne ke sa gwanaye sauka. Ya rubuta sunayen da izinin masu su, ya rubuta kalmomin sana'ar yadda suke faɗa. Da abin da aka tara ne wata rana za a yi labari, ko waƙa, ko ma a shirya tseren kansa in hanya ta yi lafiya. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya sa mu ga ranar.