Tsuntsayen Fadama Biyu, Rabo Daban

Idan ka riƙe su a tafin hannu, da wuya ka bambanta su. Kowanne nauyinsa bai wuce giram 12 ko kusa da haka ba, duka launin ƙasa-ƙasa. Masana na kiran ɗaya Acrocephalus paludicola, mai tsaga ruwan ɗorawa a tsakar ka. Ɗan'uwansa, Acrocephalus schoenobaenus, ba shi da wannan tsaga. Dukansu a Turai suke ƙyanƙyasa, a Afirka suke cin rani.

Marar tsagar ba ya zaɓen masauki. Bakin rafi, gefen kwalbati, kowane duhun ciyawa ya ishe shi, shi ya sa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta da fargaba a kansa. Ba wai bai sha wuya ba. Farin da ya ƙone Sahel a shekarun 1980 ya rage yawan masu komawa Birtaniya ƙwarai, sai da damina ta gyaru suka farfaɗo.

Mai tsagar kuwa tsautsayinsa daga zaɓensa ya fito. Ba ya sheƙa sai a buɗaɗɗiyar fadama mai gajeren ruwa, irin wadda Turawa suka ɗauka ƙasar banza ce. A ƙarni na 20 aka yi ta haƙa magudanai ana busar da ita don noma, har da yankin Polesiya da ya ratsa Belarus da Yukren, a zamanin Tarayyar Sobiyat. Ya ɓace daga yammacin Turai, yawansa ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100. Abin takaici, daina yankan ciyawa da manoma suka yi ma ya cuce shi, domin itatuwa sun mamaye ragowar fadamun.

A 1995 masu bincike suka tarar da tarinsa a Belarus. A 2003 ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar kare shi a Minsk, alhali ba a ma san inda yake cin rani ba. Sai a 2007 aka gano shi a Djoudj, ƙasar Senegal. A 2018 aka kwashe 'yan tsaki daga Belarus zuwa Lithuania, wasunsu kuma suka dawo can bayan tafiyar Afirka. Har yau yana jerin masu fuskantar barazana, kuma kusan dukan sheƙunansa a Belarus, Poland da Yukren suke.